Lambun Birni Da Filin Aro



Duk wanda yake Legas ko Badun a ƙarshen watan Fabrairun 2021 bai manta da abin da ya biyo bayan rikicin kasuwar Shasha ba. Ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta Arewa ta tsayar da lodi zuwa Kudu, kuma cikin 'yan kwanaki kuɗin kwandon tumatir da buhun albasa ya tashi a Mile 12, alhali can gida tumatirin yana ruɓewa a hannun manoma. Kowa ya ji a jikinsa, mai saye da mai sayarwa. Amma akwai abin da ba a cika lura da shi ba a lokacin. Alayyafo da ugu da ewedu da lawashi ba su ɓace daga tiren masu talla ba, domin yawancinsu ba tirela ce ke kawo su ba. A nan cikin gari da gefensa ake noma su, a bakin rafi, da bayan bariki, da ƙarƙashin manyan wayoyin wuta. In mai karatu ya bi ta wajen Ojo zuwa Iba da sassafe zai ga fangali a jere kore shar, kuma da yawa daga cikin masu ɗauke da bokitin ban ruwa 'yan uwanmu ne.

Abin da na sani game da waɗannan bayin Allah shi ne, da wuya ka sami mai takarda a kan filin da yake nomawa. Magana ce ta fatar baki tsakaninsa da wani mai gadi, ko wani ma'aikaci, ko 'yan omo onile. Wannan ne ya sa na bi tarihin noman cikin birni a wasu ƙasashe, don in ga ko mu kaɗai ne a wannan hali. Na tarar ba a taɓa rasa masu iya fitar da abinci daga tsakiyar birni ba, kuma sau da yawa baƙi ne. Abin da ke raba lambun da ya shekara ɗari da wanda katafila ta share a wuni ɗaya shi ne ko an rubuta shi a doka ko kuwa alfarma aka yi.

Bari mu fara da gida. Baturen nan Hugh Clapperton da ya shiga Kano a watan Janairun 1824 ya rubuta cewa gidaje ba su cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, sauran duk gonaki ne da lambuna. Waɗanda suka gina badala ba su yi ta da faɗi haka don ado ba. Sun san ranar da abokan gaba suka kewaye gari aka rufe ƙofofi, abin da ke cikin ganuwa shi za a ci. Ban da wannan, akwai cinikin da ya daɗe tsakanin birni da ƙauyukan kewaye: jakuna su shigo da itace da hatsi, su koma da mangalar taki daga jujin birni. Da wannan takin ne ƙasar da ke kewaye da Kano ta jure noma shekara da shekaru ba hutu, ta kuma riƙe jama'a masu yawan gaske. Wato birnin yana ciyar da gonar da ke ciyar da shi. Yau gonakin cikin ganuwa sun zama unguwanni, ganuwar ma sai kufai nan da can.

Birnin Santambul na Turkiyya ya yi irin wannan dabara, kuma labarinsa ya fi kama da namu na zaman baƙunci. An gina babbar ganuwarsa ta ɓangaren tudu a farkon ƙarni na 5, kuma ɗaruruwan shekaru ana lambu a gindinta da cikin ramin da ke gabanta. A zamanin Daular Usmaniyya an yi rajistar lambunan birnin da masu aiki a cikinsu, inda ta nuna akasarinsu 'yan ci-rani ne daga ƙauyukan yankin Balkan. Daga baya sana'ar ta koma hannun wasu baƙin daga lardin Kastamonu na bakin Baƙin Teku. Latas ɗin unguwar Yedikule ya yi suna kamar yadda albasar Aliero ta yi a wajenmu. To a 2013 hukumar yankin ta kawo motoci ta zube ƙasa da ɓaraguzai a kan wani sashe na lambunan da ke cikin ganuwa, wai za a yi wurin shaƙatawa. Masana tarihi da 'yan gari sun yi ca, an kuma ceci wasu, amma waɗanda aka binne sun tafi. Lambun ya girmi hukumar da ɗaruruwan shekaru, sai dai hukuma ce mai takarda.

Wanda ya fi burge ni shi ne na birnin Faris a ƙarni na 19. A wancan lokacin duk sufurin birnin da dawaki ake yi, kuma doki in ya ci dole ya yi kashi. Dubban dawaki, kullum. 'Yan lambun Faris sai suka mai da wannan ƙazanta dukiya. Da asuba su kai kayan lambu babbar kasuwa a keken doki, su dawo da shi cike da kashin dawaki daga barga. Sai su shimfiɗa shi da kauri, su zuba ƙasa a sama, zafin da yake fitarwa yayin ruɓewa ya ɗumama saiwa, su kuma kife kowace shuka da wani ƙoƙon gilashi mai kama da ƙararrawa. Da haka suke fitar da latas a tsakiyar hunturu, lokacin da ƙanƙara ta rufe ko'ina, har su sayar wa mutanen Landan. Fili ɗaya yakan ba da amfani sau uku zuwa shida a shekara. An ƙiyasta lambunan sun kai wajen hekta 1,400, kusan kashi ɗaya cikin shida na faɗin birnin.

Ga inda abin ya taɓa ni. Yawancinsu haya suke yi, kuma sun san birni yana faɗaɗa, wata rana mai fili zai zo da magina. Wani marubuci ɗan Rasha, Peter Kropotkin, ya ba da labari a ƙarshen ƙarnin cewa sukan sa sharaɗi a takardar haya: ranar da za su tashi, za su kwashe ƙasar saman filin zuwa wani zurfi da aka ambata su tafi da ita. Hujjarsu ita ce su suka yi ƙasar da hannunsu, mai fili tsandauri ya ba su. Haka za ka ga mutum ya loda gonarsa a keken doki ya matsa gaba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ɗan lambu a Legas ke mai da yashi da bola su zama baƙar ƙasa da kashin kaji, shekara uku ko huɗu yana fama, sannan a ba shi mako guda ya tashi, zai gane darajar wannan sharaɗi. Abin da ya kashe sana'ar a Faris kuwa biyu ne: tsadar fili, da zuwan mota. Doki ya tafi, taki ya tafi da shi.

Daga nan sai lambun da wahala ke haifarwa. A 1893 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, masana'antu suka rufe, birnin Detroit ya cika da marasa aiki, da yawansu baƙi ne daga Polan da Jamus. Magajin garin, Hazen Pingree, ya roƙi masu filayen da ke zaune ba gini su ba da aro a 1894. Mutane sun yi masa dariya, kuɗin taimako bai taru ba, har sai da ya sa dokinsa a gwanjo don a sayi iri da kayan aiki. A shekarar farko iyalai 945 suka noma eka 430, galibi dankalin turawa, kuma abin da suka girbe ya ninka kuɗin da aka kashe. Wasu birane suka kwaikwaya. Amma da kasuwa ta farfaɗo masu fili suka karɓe abinsu, kafin a yi nisa cikin sabon ƙarni shirin ya mutu. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Abin mamaki, birnin da ya kai mutum miliyan 1.8 a 1950 ya dawo ƙasa da dubu 640 a 2020, filaye suka sake zama kango, lambu kuma ya sake dawowa.

Yaƙin Duniya na Biyu ya maimaita wannan darasi a babban sikeli. Jiragen ruwan Jamus masu nutso suna nutsar da jiragen da ke kai wa Ingila abinci, sai gwamnati ta ce kowa ya ɗauki shebur. An noma filayen ƙwallo da wuraren shaƙatawa, har ramin da ya kewaye tsohuwar Hasumiyar Landan an shuka kayan miya a ciki. Zuwa 1943 ƙananan filayen noma na cikin gari sun kai wajen miliyan 1.4. A Amurka an yi lambuna kusan miliyan 20, waɗanda aka ce sun ba da wajen kashi 40 cikin ɗari na ɗanyen kayan lambun da aka ci a ƙasar. A Leningrad ta Rasha, wadda sojojin Jamus suka yi wa ƙawanya daga Satumban 1941 zuwa Janairun 1944, waɗanda suka tsira daga yunwar hunturun farko sun shuka kabeji a dandalin babbar majami'ar birnin. Ana gama yaƙi aka mai da ciyawar ado inda take.

Kuba ita ce misalin da aka fi ambata. Da Tarayyar Sobiyat ta wargaje a 1991, tsibirin ya rasa mafi yawan cinikinsa na waje dare ɗaya: ba mai, ba takin zamani, ba maganin ƙwari, ba motar da za ta ɗauko abinci daga karkara. Mutanen Habana suka fara shuka a kangwaye da baranda ba tare da sun nemi izinin kowa ba. Gwamnati, maimakon ta kore su, sai ta bi bayansu: a 1994 ta kafa sashen kula da noman birni, ta ba da filayen gwamnati a yi amfani da su kyauta, ta buɗe kasuwannin manoma. Da yake ƙasar cikin birni duk ɓaraguzai ce, sai suka riƙa gina dogayen kwalaye da bulo, su cika su da takin gargajiya su yi shuka a ciki. Ganye da kayan miya sun wadata a Habana ta wannan hanya. Amma kada a ruɗe mu, domin masu yabon Kuba sukan tsallake wannan: shinkafa da alkama da man girki ba a baranda ake samun su ba, kuma ƙasar ba ta daina sayo mafi yawan abincinta daga waje ba. Lambu miya yake bayarwa, tuwon sai an nemo shi wani wuri.

Mu ma nan mun ɗana. Ghana ta yi shirin ciyar da kai a 1972 zamanin Acheampong, mu kuma a 1976 gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa, wanda manyanmu ke tunawa da OFN, aka ce kowane ma'aikaci da kowace makaranta su noma bayan gida. Shagari ya zo da nasa a 1980. Amma a ganina abin da ya cika bayan kwatas da masara da rogo ba jawabin rediyo ba ne, matsin SAP ne daga 1986, lokacin da albashi ya daina kai mutum tsakiyar wata. Babu ɗaya daga cikin shirye-shiryen nan da ya bar dokar da ta keɓe wa ɗan lambu fili a cikin birni. Dokar filaye ta 1978 ma hannun gwamna ta mai da ƙasar jiha baki ɗaya.

Yanzu mu duba yadda ake korar lambu idan wahala ta wuce. A Los Angeles, bayan tarzomar 1992, an ba talakawan kudancin birnin aron wani fili mai eka 14. Iyalai wajen 350, yawancinsu baƙi daga Meziko da ƙasashen da ke kudu da ita, suka mai da shi gona, suka shuka masara da ganyayen garinsu da itatuwan marmari. Sai birnin ya sayar da filin ga tsohon mai shi. A watan Yunin 2006 'yan sanda suka fitar da su, katafila ta bi baya, filin kuma ya zauna fayau sama da shekara goma ba a gina komai ba. A Niyok kuwa, inda matasa suka fara share kangwaye suna shuka tun 1973 lokacin da birnin ya talauce, magajin gari Rudolph Giuliani ya sa lambuna sama da ɗari a gwanjo a 1999 da fili ya yi daraja. Ana gobe za a buga ƙararrawa wasu ƙungiyoyi biyu, ɗaya ta mawaƙiya Bette Midler, suka saye su a kan sama da dala miliyan 4. Waɗannan sun tsira ne don an sami mai kuɗi a kusa. A Harare ta Zimbabuwe an sha tura ma'aikatan hukuma su sare masarar talakawa tana gab da nuna.

Inda lambu ya zauna da gindinsa kuwa, in ka tona, doka za ka tarar. A Jamus wata ƙungiya ta irin wannan ta kafu a Leipzig a 1864, aka sa mata sunan wani likita, Moritz Schreber. An yi wa ƙananan lambunan doka tun 1919, aka sabunta ta a 1983. Dokar ta faɗi girman fili, kada ya wuce murabba'in mita 400. Ta faɗi girman 'yar bukkar da za a gina. Ta ɗaure kuɗin haya kada ya wuce ninki huɗu na abin da manomin kayan lambu ke biya a yankin. Ta kuma sa korar mai lambu ta yi wuya, in ma an yi sai da diyya. Shi ya sa ake da irin waɗannan lambuna wajen dubu 900 a ƙasar, wasu a tsakiyar Balin inda fili ke da tsadar gaske. A Ingila dokar 1908 ta ce in mutum shida masu zaɓe suka nema, dole ƙaramar hukuma ta duba buƙatarsu ta filin noma, ta 1925 kuma ta hana sayar da filin da aka keɓe sai da izinin minista. Filayen aro na lokacin yaƙi sun tafi, na doka su ne suka rage.

Kada a ce sai ƙasar masu kuɗi. Birnin Rosario na Ajantina ya fara shirinsa a 2002, bayan tattalin arzikin ƙasar ya rushe a 2001. Hukumar birnin ta bi ta lissafa filayen da ba za a taɓa gini a kansu ba, gefen layin dogo, gefen babbar hanya, wuraren da ruwa ke malalewa, ta ba masu lambu da yarjejeniya a rubuce, ta buɗe musu kasuwa, ta kuma shigar da lambunan cikin taswirar tsarin birni. Wahalar ta wuce, lambun bai wuce ba, har ya ci wata babbar kyauta ta duniya a 2021. Kampala ta Yuganda ma ta halatta noman cikin birni da dokoki a 2005.

To saura maganar shuka a kan rufin gida, wadda ake yawan haɗawa da wannan duk da asalinsu ba ɗaya ba ne. Ga Bahaushe, ciyawa a kan soro alamar sakaci ce. Kafin damina ana hawa a cire ta, a yi yaɓe, a gyara indararo, don saiwa tana buɗe wa ruwa hanya. Amma a Norwe da Aisilan mutane sun yi ɗaruruwan shekaru suna rufi da ɓawon itace su ɗora ƙasa da ciyawarta a kai, don ɗaki ya riƙe ɗumi. Matafiyin nan Bafarishe, Nasir Khusraw, da ya zauna a Masar a shekarun 1040, ya ba da labarin wani mutum a Fusɗaɗ da ya yi lambu a saman bene mai hawa bakwai, ya hau da ɗan maraƙi ya rene shi a can har ya girma ya riƙa juya masa na'urar jawo ruwa. Kullum in na tuna wannan sai in yi tunanin maƙwabcin da ke hawa na shida.

Rufin zamani kuwa kusan a kan kuskure aka same shi. A shekarun 1880, lokacin da ake ta gina gidajen haya a Balin, wani mai rufi da ake kira Koch ya riƙa zuba yashi da tsakuwa a kan kwaltar rufi don kada gobara ta kama. Iska da tsuntsaye suka kawo iri, ciyawa ta tsiro, kuma bayan shekaru da dama aka tarar wasu daga cikin rufin nan ba sa yoyo. A Zurich ta Suwizalan an rufe wata matatar ruwa da ƙasa a 1914 don ruwan ya yi sanyi, yau rufin ya zama mafakar furannin da suka ƙare a gonakin kewaye. Masu bincike a Jamus suka ɗauki abin da gaske a shekarun 1970, suka fitar da ƙa'idoji a 1982. Tsarin shi ne: shimfiɗar hana ruwa, sai wadda ke hana saiwa huda ta, sai hanyar tsiyayar ruwa, sannan wata ƙasa marar nauyi da ake haɗawa da dakakken bulo, kaurinta bai fi tafin hannu ba. Abin da ake shukawa ƙananan tsirrai ne masu ajiye ruwa a ganye, masu jure fari. Ba a cin su.

Me ya sa birane ke kashe kuɗi a kan ciyawar da ba a ci? Ruwa da zafi. Birnin da aka shafe da kankare da kwalta ba ya shan ruwan sama, duk abin da ya zubo kwata yake nufa a lokaci ɗaya. Irin wannan rufi yakan riƙe wajen rabin ruwan shekara, sauran kuma ya sake shi a hankali. Game da zafi, Shikago ta koya da tsada: a watan Yulin 1995 zafi ya kashe sama da mutum 700 cikin 'yan kwanaki, yawancinsu tsofaffi matalauta da ke kulle a ɗaki. A 2001 aka kammala lambu a kan rufin ofishin magajin gari. Ginin a haɗe yake da na wata hukuma da ta bar nata rufin da baƙar kwalta, sai aka sami damar gwadawa. A wata rana mai zafi an auna ɓangaren kwalta ya kai digiri 76, ɓangaren shuka kuma tsakanin 33 da 48. Nan ma doka ce ta yaɗa abin. Tokiyo ta wajabta shi a kan manyan sababbin gine-gine a 2001, Basel ta wajabta shi a kan duk sabon rufi mai shimfiɗe a 2002, Toronto ta bi a 2009.

Noman abinci a kan rufi ya zo daga baya, a Niyok a 2010, a Montreal a 2011, sannan a Faris a 2020 inda aka buɗe wata gona a kan rufi mai faɗin murabba'in mita 14,000. Suna da kyan gani a hoto, kuma ban raina su ba, amma kayan da ke fitowa daga cikinsu manyan gidajen abinci da masu hali ke saye. Waɗanda suka wuce nan suka shiga noma a cikin rufaffen gini da hasken lantarki, da dama sun karye bayan sun cinye ɗaruruwan miliyoyin dala: AeroFarms da Infarm sun shiga matsalar bashi a 2023, Bowery ta rufe a 2024. Mutumin da ke da bokiti biyu a bakin rafi bai karye ba.

Ga wanda ke sha'awar gwadawa a nan, rufin kwano dai ba ya cikin lissafi. Mai dekin ma ya yi hattara: ƙasar lambu mai kaurin santimita 20, in ta sha ruwa, ta haura kilo 300 a kowane murabba'in mita, wato nauyin buhun siminti shida a wurin da bai fi shimfiɗar sallaya ba. A garin da muke jin labarin rushewar bene kusan kowace damina, wannan ba abin yi ba ne sai injiniya ya duba. Buhu ko bokiti a jera su kan bango da ginshiƙi ya fi aminci. Kuma yawancinmu 'yan haya ne, rufin ma na mai gida ne.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, aikin da Basel ke biyan kuɗi rufi ya yi mata, fadamun Legas suna yin sa kyauta. Duk fangalin da ke bakin rafi soso ne mai shan ruwan sama. Ana cike shi da yashi a dasa gini, sannan in ruwa ya shiga ɗakuna, kamar yadda ya yi ranar 10 ga Yulin 2011, a ce kwata ce ta toshe. A Jos 'yan uwanmu masu noman rani sun ɗauki kududdufan da haƙar kuza ta bari da bakin kogin Dilimi, suka gyara ƙasar da tokar bolar gari, har karas da kabeji da latas na Jos suka kai kasuwannin Kudu. Wannan gyaran ƙasa ne da gwamnati ba ta biya ko kwabo ba.

Sai dai akwai gaskiyar da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Ruwan da ake ban ruwa da shi a wurare da yawa ba mai kyau ba ne. A Kano an sha auna kayan lambun bakin Jakara da Getsi, inda ruwan kwata da na masana'antu ke zuba, aka sami guba irin ta ƙarfe a ciki, kuma ba na jin rafukan Legas sun fi su tsabta. Latas kuwa ɗanye ake ci. Wannan ita ce hujjar da hukuma ke fara kawowa in tana son fili, kuma hujja ce mai ƙarfi. Amma ku tambayi kowane ɗan lambu me ya hana shi haƙa rijiya ko burtsatse, zai ce muku ba zai zuba kuɗin shekara biyu a ramin da ba shi da tabbacin zai sha ruwansa wata shida ba. Saboda wannan dalili ne ma ba ya dasa mangwaro ko gwaiba, sai ganyen da zai yanka cikin mako huɗu zuwa shida. Na san wani dattijo da ya shekara goma sha ɗaya a fili ɗaya a bayan katangar wata ma'aikata, yana biyan kuɗi duk wata ga wanda ba ya ba da rasit. Da aka zo tashinsu kwana uku aka ba su, latas ɗinsa saura mako biyu ya isa yanka. Ya nemi a bar shi ya kwashe ko da takin da ya tara a gefe ne, aka ce motar yashi tana hanya.